Kafin a karɓi mabuɗi, a auna ƙura: darasi daga tsofaffin gine-ginen Kagoro

Duk wanda ya taɓa raka babban jami'in gwamnati ko ɗan majalisa wajen ƙaddamar da makarantar da aka yi wa kwaskwarima ya san yadda ranar take kasancewa. An share haraba, an kafa rumfa, ɗalibai sun jeru cikin wankakkun kayan makaranta. Bango na sheƙi, ƙofofi da tagogin ƙarfe sun sha fentin mai, ruwan ɗorawa ko kore ko ja. Injiniya ya zagaya da jerin abubuwan da zai duba: rufi ba ya yoyo, silin bai lotsa ba, allo ya zauna daidai. Ya sa hannu, ɗan kwangila ya miƙa mabuɗi, a ɗauki hoto, taro ya watse. Ranar Litinin 'yan aji ɗaya su shigo, wasu su samu benci, wasu su zauna a ƙasa, lokacin tara su ci ƙosai da hannun da suka dafa daɓe da shi.

A cikin wannan hidima duka akwai tambaya guda da ba kasafai jerin injiniyan ke ɗauke da ita ba: mene ne a cikin ƙurar da ta kwanta a daɓen bayan an kankare tsohon fenti an shafa sabo? Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan gubar dalma, ido bai san kimar komai ba. Ɗakin da ya fi kowane kyan gani na iya zama wanda ya fi kowane haɗari ga yaro, domin aikin gyaran ne da kansa ke mayar da dalmar da ta daɗe kwance a jikin bango ta zama gari mai laushi da iska ke watsawa.

Akwai hanya mai sauƙi, mai arha, ta amsa wannan tambaya, wadda aka shafe fiye da shekara talatin ana amfani da ita a wasu ƙasashe: a goge wani yanki na daɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a kai shi ɗakin gwaje-gwaje, a auna dalmar da ke ciki. Ya kamata wannan gwaji ya zama sharaɗi a duk kwangilar gyaran ginin da yara ke shiga, kada a biya kuɗin ƙarshe sai sakamakonsa ya fito. Masu ikon rubuta wannan sharaɗi kuwa suna zaune a ofisoshin Abuja.

Abin da ya sa Kagoro ta dace da gwaji

Kagoro, a Ƙaramar Hukumar Kaura ta Jihar Kaduna, gari ne da aka fi sani da duwatsunsa da bikin Afan na ranar 1 ga Janairu. Amma ga mai nazarin gine-gine, garin na da wata daraja. Yana cikin wuraren da ilimin boko ya fara kafuwa a kudancin Kaduna. 'Yan mishan na SIM sun zauna a can tun cikin shekarun 1920, makarantar da ta zama Kwalejin Tauhidi ta ECWA ta faro a 1931, kuma a tsawon sarautar marigayi Gwamna Awan, daga 1945 zuwa 2008, makarantu da wuraren shan magani suka yi ta ƙaruwa. A maƙwabciyarta Kafanchan, mahaɗar layin dogo ta kafu a ƙarshen shekarun 1920, da tasharta da gidajen ma'aikatanta, layin da ya nufi Jos kuma ya ratsa ta Kagoro da Manchok.

Wannan tarihi na nufin yankin na da gine-ginen da aka shafe shekara hamsin, saba'in, har casa'in ana shafa musu fenti bisa fenti. A farkon waɗannan shekaru, a ƙasashe da yawa, farar dalma ce ginshiƙin fentin mai, jar dalma kuma ita ake shafa wa ƙarafan gadoji da na layin dogo don kada su yi tsatsa. Tsufan gini ba hukunci ba ne a kansa, dalili ne na a auna shi.

Yankin kuma na cikin wani yanayi na gyare-gyare. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta karɓi babban asibitin Kafanchan don mayar da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Akwai Makarantar Ƙididdiga ta Tarayya a Manchok, akwai makarantun firamare da cibiyoyin lafiya na matakin farko da ke jiran rabonsu daga asusun UBEC da na ayyukan mazaɓu. Akwai kuma iyalan da hare-haren 2022 suka ƙone wa gidaje, waɗanda ke sake gini a kan tokar tsofaffin ƙofofi da tagogi. Wuta ba ta cinye dalma. Tana barin ta a cikin toka ne. Duk inda ake kankara da shafe-shafe da yawa haka, can ne gwajin ƙura ya fi amfani.

Shaidar da ke kusa ma ta isa ta sa a tsaya a duba. A shekara ta 2000 wasu likitoci suka wallafa sakamakon gwajin jinin yara 'yan ƙasa da shekara uku a Jos, inda kashi 70 cikin 100 suka haura maikrogiram 10 na dalma a kowace desilita ta jini. A lokacin ana sayar da fetur mai dalma a Najeriya, kuma hakan ya taka rawa. Amma binciken da ya biyo baya a garin, wanda aka wallafa a 2005, ya lissafa fentin gida mai ɓamɓarewa cikin abubuwan da ke tafiya tare da yawan dalma a jinin mutane. An daina zuba dalma a fetur. Wadda ke jikin bango tana nan inda take.

Sabon fenti ma bai tsira ba. Binciken da aka yi kan fentin da ake sayarwa a Ibadan, wanda ya fito a 2007, da wanda ƙungiyar SRADev ta Legas ta yi tare da IPEN a 2017, duk sun gano cewa mafi yawan gwangwanayen fentin mai da suka auna sun zarce iyaka, musamman launuka masu haske irin ruwan ɗorawa. Tun daga nan Najeriya, ta hannun hukumomin SON da NESREA, ta rungumi iyakar kashi 90 cikin miliyan, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya da Shirin Muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba da shawara a kai. Wannan ci gaba ne, sai dai dokar gwangwani ba ta komawa baya ta tsabtace abin da aka riga aka shafa. Amurka ta haramta fentin gida mai dalma tun 1978, kuma har yau tana fama da shi a miliyoyin tsofaffin gidaje.

Yadda fenti ke shiga jinin yaro

An daɗe ana zaton sai yaro ya tsinci ɓawon fenti ya tauna kafin ya kamu. A 1904 wani likita a Brisbane ta ƙasar Ostireliya, Lockhart Gibson, ya lura cewa yaran da ake kawo masa da gubar dalma suna wasa ne a barandar gidajensu, inda rana ta dafa fentin dogaran katako har ya zama gari, yana manne musu a yatsu, yatsun kuma suna komawa baki. Abin da ya gano shi ne har yanzu ake koyarwa: hanyar ita ce daga bango zuwa ƙura, daga ƙura zuwa hannu, daga hannu zuwa ciki.

Fentin da ke zaune lafiya ƙarƙashin sabbin shafe-shafe ba shi da haɗari sosai. Matsalar na tasowa ne a inda ake gugar juna: ƙofar ƙarfe da ke goga firam ɗinta sau ɗari a yini, tagar da ake buɗewa ana rufewa, benci da teburin da ake ja a daɓe, bangon da laimar damina ta kumbura. Mafi muni kuma shi ne ranar da mai fenti ya zo da samfefa ya goge bango a bushe, ko ya kunna wuta don ya narkar da tsohon fenti. A yini ɗaya yakan saki abin da shekara ashirin ba ta saki ba.

Jikin ƙaramin yaro na tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma yaron da ke fama da yunwa ko ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ya fi tsotsa. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar da ke cikin girma, ta rage kaifin fahimta da natsuwa, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa. Wadda ta taru a ƙashin yarinya na iya jira har ta girma ta yi ciki, sannan ta fito ta isa ga ɗan tayi. Babu wani mizani na dalma a jini da aka tabbatar ba ya cutarwa. Shi ya sa hukumar CDC ta Amurka ta yi ta sauke ma'auninta, daga maikrogiram 10 a 1991, zuwa 5 a 2012, zuwa 3.5 a 2021. Rahoton UNICEF da Pure Earth na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kimanin miliyan 800, na da maikrogiram 5 ko fiye.

Abin tsoron shi ne a irin wannan mataki yaro ba ya zazzaɓi, ba ya suma. Malami zai ce ba ya ganewa, uwa ta ce ƙiriniya ce, uba ya ɗauko bulala. Ba wanda zai kalli daɓe.

Ƙyalle, firam da kwalba

Hanyar ɗaukar samfurin ba ta da wuya, amma tana da ƙa'ida. Ma'aikaci na zaɓar wuraren da yara suka fi taɓawa: daɓen da ke bakin ƙofa, ƙarƙashin taga, kusurwar da ake wasa, da bakin tagar kansa. Sai ya sa sabuwar safar hannu, ya ɗora firam mai faɗin murabba'in ƙafa ɗaya, wato kimanin santimita 30 a kowane gefe, ya manne shi don kada ya motsa. Ya ɗauko jiƙaƙƙen ƙyalle na musamman wanda aka tabbatar ba shi da dalma, ya goge cikin firam ɗin daga hagu zuwa dama yana lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Ya ninke ƙyallen, gefen da ya yi datti ya koma ciki, ya sake gogewa daga sama zuwa ƙasa. Ya ƙara ninkewa ya bi gefuna da kusurwoyi. Daga nan ya jefa shi a kwalbar roba mai murfi, ya rubuta sunan gini da ɗaki da wuri da kwanan wata, ya cire safar ya sa wata kafin ya matsa gaba.

A cikin kwalaben da za a aika, akan saka ɗaya mai ɗauke da ƙyallen da aka buɗe aka ninke amma ba a goga ko'ina ba. Idan ɗakin gwaje-gwaje ya samu dalma a cikinsa, an san cewa kayan aiki ko hannun ma'aikaci ne suka gurɓata, sakamakon duka ya zama abin tuhuma. A can ɗakin gwaje-gwajen ana narkar da ƙyallen a ruwan asid, na'ura ta auna dalmar, a ba da amsa da maikrogiram a kowace murabba'in ƙafa.

Gwajin iri biyu ne gwargwadon manufa. Na farko ana yin sa ne a ginin da ake amfani da shi, ba tare da an yi wata shara ta musamman ba, don a san abin da yara ke taɓawa a kullum. Na biyu ana yin sa bayan an gama gyara an wanke, a jira aƙalla awa ɗaya ƙurar da ke yawo ta kwanta, sannan a goga. Idan sakamako ya zarce iyaka, ɗan kwangila ya sake wankewa da kuɗinsa, a sake aunawa. Sharaɗin da ba a sassautawa a nan shi ne mai ɗaukar samfuri kada ya kasance yaron ɗan kwangila ko mai cin albashi a hannunsa.

Akwai wasu hanyoyin. Na'urar hannu ta XRF na haska bango ta faɗi nan take ko akwai dalma a ƙarƙashin fenti, kuma ita ce ta dace kafin a fara aiki, don a san inda za a yi hattara. Ana kuma iya zuƙe ƙura da ƙaramin inji a auna nauyinta da yawan dalmar da ke cikinta. Amma gogewa da ƙyalle ta fi su kusanci da abin da ke faruwa a zahiri, domin tana kwaikwayon tafin hannun yaro ne. Binciken da Bruce Lanphear da abokan aikinsa suka yi a birnin Rochester na Amurka cikin shekarun 1990 ya nuna cewa yawan dalmar da ke kan daɓe na tafiya kafaɗa da kafaɗa da wadda ke jinin yaran gidan. Birnin ya kafa doka a 2005 da ta shigar da gwajin ƙura cikin binciken gidajen haya a unguwannin da suka fi haɗari.

Iyakokin da hukumar muhalli ta Amurka ta sa na nuna yadda fahimta ta sauya. A 2001 ta ce maikrogiram 40 a daɓe, 250 a bakin taga. A 2019 ta sauke zuwa 10 da 100. A watan Oktoban 2024 ta ce duk dalmar da ɗakin gwaje-gwaje ya iya ganowa a ƙura abin damuwa ce, kuma bayan gyara kada abin da ya rage ya wuce 5 a daɓe, 40 a bakin taga.

Don a gane ƙanƙantar waɗannan alƙaluma, a yi lissafi. Maikrogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Giram ɗaya na dalma, wato nauyin rubu'in dunƙulen Maggi, idan aka baje shi daidai, zai kai murabba'in ƙafa 100,000 zuwa mizanin maikrogiram 10. Aji mai tsawon mita tara da faɗin mita bakwai bai kai murabba'in ƙafa 700 ba. Ke nan giram ɗaya ya isa ya gurɓata azuzuwa fiye da 140. Fentin da ke da kashi 10,000 cikin miliyan kuwa, irin wanda bincike ya sha samu a kasuwa, giram 100 na busasshensa na ɗauke da wannan giram ɗayan. Ƙofa guda da aka goge a bushe na iya zubar da hakan.

Abin da ba za a kwafo daga waje ba

Masu cewa ƙa'idar Amurka ba za ta zauna daidai a Kagoro ba suna da gaskiya ta wani ɓangare. An tsara hanyar ƙyalle ne don daɓe mai santsi. A kan simintin da ya farfashe, ƙyalle na barin ƙura a cikin ramuka, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. A kan daɓen ƙasa kuwa ba ya aiki sam. Can sai a kankaro ƙasar saman a auna ta kamar yadda ake auna ƙasar tsakar gida. Hunturu ma na da nasa tasiri: daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar Sahara na rufe komai, shara na yawaita, tsintsiya na ta da abin da ya kwanta, yayin da damina mai ƙarfi ta gindin duwatsun Kagoro ke jiƙa bango fenti ya ɓamɓare. Gwajin da aka yi a lokaci guda kawai ba zai ba da cikakken hoto ba. A auna a rani, a auna da damina.

Ƙura kuma ba ta faɗin inda dalmarta ta fito. Tana iya zama daga fenti, ko daga ƙasar bakin titi da ta sha hayaƙin tsohon fetur, ko daga shagon mai gyaran batir da ke maƙwabtaka. Akwai ma hanyoyin da ba sa bi ta daɓe, irin su kwallin da ake yi da dutsen dalma ana rambaɗa wa jarirai. Wannan bai rage darajar gwajin ba. Shi ne ƙararrawar farko. Idan ta kaɗa, sai a bi sawu.

Duk waɗannan dalilai ne na Najeriya ta tara nata alƙaluman, ta fitar da iyakar da ta dace da gine-ginenta. Ba za a iya hakan daga ɗakin taro na otal ba. Sai an durƙusa a daɓen azuzuwa na gaske, kuma ƙaramar hukuma guda mai tsofaffi da sabbin gine-gine, kusa da manyan ɗakunan gwaje-gwaje, ita ce wurin farawa.

Darasin Zamfara da Neja

Najeriya ta riga ta biya kuɗin wannan karatu da tsada. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Aƙalla yara 400 suka rasu. Dalmar ba daga fenti ta fito ba, daga duwatsun zinariya ne da ake niƙawa a cikin gidaje, amma hanyar da ta bi ita ce dai: ƙura, hannu, baki. A 2015 abin ya maimaita kansa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka mutu.

Abu biyu ya kamata ma'aikacin gwamnati ya riƙe daga nan. Na ɗaya, likitoci ba su iya fara ba yaran Bagega maganin fitar da dalma ba sai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin, domin yaron da aka yi wa magani ya koma cikin ƙurar nan zai sake kamuwa. Auna muhalli da tsabtace shi na gaba da magani. Na biyu, aikin Bagega bai fara ba sai a 2013, bayan an daɗe ana jiran sakin kuɗi daga Abuja. Kusan shekara uku yara suna wasa a ƙasar da aka san tana da guba, saboda takarda na yawo daga tebur zuwa tebur. Gubar fenti ba ta kisa da gaggawa irin haka, shi ya sa ma ta fi sauƙin mantawa.

Uzurin kuɗi da na fifiko

Za a ce makarantun da ba su da rufi, a yankin da ke fama da rashin tsaro, ba su da lokacin auna ƙura. Amma ba a neman a fasa yin rufi. Ana magana ne kan kwangilar da aka riga aka amince da ita, aka ware mata miliyoyin naira, fenti na cikinta. Ƙyalle goma sha biyu da kwalabe da kuɗin ɗakin gwaje-gwaje ƙaramin abu ne a gefen kuɗin rumfa da kujerun ranar ƙaddamarwa. Hujjar cewa yara na zama a ƙasa saboda rashin benci kuwa ta fi ƙarfafa buƙatar gwajin, domin yaron da ke zaune a daɓe shi ne ya fi kusa da ƙurar.

Za a kuma ce babu kayan aiki. Akwai su. Cibiyar NARICT da ke Basawa a Zariya, da Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da ɗakin gwaje-gwajen Hukumar Binciken Ma'adinai da ke Kaduna, duk cibiyoyin tarayya ne da suka saba auna ƙarafa a ƙasa da duwatsu. Ma'aikatan duba-gari na ƙananan hukumomi, waɗanda tun zamanin Turawa aikinsu shi ne shiga gidaje su duba tsabta, za su iya koyon ɗaukar samfuri cikin 'yan kwanaki. A Kagoro kanta akwai Kwalejin Fasahar Lafiya ta ECWA da ke horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko. Abin da ya rage shi ne wanda zai ce a yi.

Layi uku a takardar kwangila

A nan ne maganar ta dawo kan ma'aikatan tarayya da hadiman 'yan siyasa. Mai ƙididdigar kayan gini a UBEC ko TETFund ko Hukumar Lafiya a Matakin Farko, da jami'in sashen bayar da kwangila da ke aiki ƙarƙashin Dokar Sayen Kayayyaki ta 2007, da hadimin da ke tsara wa maigidansa jerin ayyukan mazaɓa kafin a miƙa kasafi, kowannensu na riƙe da alƙalamin da zai iya ƙara layi uku ba tare da an jira sabuwar doka ba.

Layi na farko: duk fentin da za a shafa ya zo da shaidar cewa bai wuce kashi 90 cikin miliyan ba, kuma a ɗauki samfuri daga gwangwanin da aka kawo wurin aiki a tabbatar. Layi na biyu: a haramta goge tsohon fenti a bushe ko ƙona shi, a jiƙa kafin a kankare, a shimfiɗa leda a tattara ɓawon, a fitar da yara da mata masu ciki har a gama, a wanke da ruwa da sabulu maimakon tsintsiya, masu fenti kuma su sauya tufafi kafin su koma wurin iyalansu. Layi na uku: kada a sa hannu a takardar kammala aiki, kada a saki kuɗin da ake riƙewa na ƙarshe, sai an haɗa sakamakon gwajin ƙura daga hannun wanda ba ya ƙarƙashin ɗan kwangila.

Hukumar ICPC, wadda tun 2019 take bin sawun ayyukan mazaɓu, na iya saka wannan takarda cikin abubuwan da jami'anta ke nema idan sun je duba aiki. Ma'aikatar Muhalli da ta Lafiya kuma na iya ɗaukar Kaura da Jema'a a matsayin gwaji: a auna makarantun firamare da na renon yara da ɗakunan haihuwa, a rani da damina, a wallafa sakamakon kowa ya gani, a liƙa na kowace makaranta a ofishin shugabanta. Idan alƙaluman suka fito da kyau, iyaye sun samu kwanciyar hankali da kuɗi kaɗan. Idan suka fito da muni, an gano tun kafin a je neman amsar a jinin yara. Makon wayar da kai kan gubar dalma da ake yi duk watan Oktoba zai fi ma'ana idan aka zo shi da irin wannan sakamako a hannu, maimakon riguna da huluna masu tambari.

Da yawa daga cikin daraktoci da manyan sakatarorin da ke Abuja a yau sun koyi baƙaƙe ne a irin waɗannan azuzuwa na mishan da na gwamnati, a Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi ko wani gari makamancinsu, kuma idan sun je gida hutun ƙarshen shekara sukan yi alfahari da gyaran da suka taimaka aka yi wa tsohuwar makarantarsu. Alherin na da kyau. Cikarsa ita ce a tabbatar cewa ajin da aka miƙa wa ɗan shekara shida bai ɗauke masa wani abu daga basirar da ya zo da ita ba. Tun ran gini ake zane, kuma a wannan aiki zanen layi uku ne a takardar da ke kan teburin wani ma'aikaci a safiyar yau.